Wadda Ake Yi wa Gashi da Mu Masu Zaman Jinyarta

Jawabin Kwamitin Jinƙai a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya



Hajiya shugaba, uwayen ƙungiya, malamanmu, wakilan iyayen ƙasa, mazajenmu da suka yarje mana muka fito, da ku 'yan uwa da kuka yo sammako daga Ruma da Wagini, daga Runka da Zakka, da na cikin garin Batsari da Safana, sannunku da zuwa. Allah Ya mayar da kowa ɗakinta lafiya, Ya kawo mana ƙarshen abin da ya dame mu a wannan yanki.

Ma'aji ta karanta lissafi, kowa ta ji abin da ya shigo da abin da ya fita. Mu 'yan kwamitin jinƙai, maimakon mu tsaya ƙirga barka nawa muka je, gaisuwa nawa muka kai, mun zo da magana guda ɗaya: ciwon dajin fata, da wahalar da ke biyo bayan gashin da ake yi masa a asibiti. A 'yan shekarun nan mun raka wasu daga cikinmu da danginmu zuwa wannan gashi, mun kwana a barandar asibiti tare da su. Abin da muka ga ya fi kayar da mutane shi ne makonnin nan da fata take fara nuna ta sha wuya. A nan ne 'yan uwa ke tsorata, a tattara kaya a dawo gida ba a gama ba. Mu ba likitoci ba ne. Abin da za ku ji daga bakin likitoci da nas-nas muka tsinto shi, muka haɗa da abin da idonmu ya gani. In maganarmu ta saɓa da ta likitanki, tasa za ki bi.

Da yawanmu mun ɗauka dajin fata ciwon Turawa ne. Gaskiya ne sun fi mu kamuwa, don baƙar fata tana da kariyar da Allah Ya yi mata daga rana. Amma mu ma yana shigo mana, kuma ta ƙofofin da muka sani. Babbar ƙofa ita ce tsohon miki. Gyambon ƙafa da ya yi shekaru yana rufewa yana buɗewa, ko tabon ƙuna, irin wanda yarinya ta faɗa murhu tana rarrafe, ko mai farfaɗiya ta faɗa wuta. Tabon zai zauna shekara ashirin ko talatin bai ce komai ba, sai wata rana ya fashe, bakinsa ya yi tudu, yana wari yana tsattsafar da jini, ya ƙi jin kowane magani. Likitoci sun daɗe da sanin wannan. Wani likitan fiɗa ɗan Faransa mai suna Marjolin ya yi rubutu a kan irin wannan miki tun 1828, har yau da sunansa suke kiran ciwon. Sai kuma 'ya'yanmu zabaya, waɗanda rana ke ci wa fuska da kunne da leɓe da wuya da bayan hannu. Su ba ya jira su tsufa, yana kama su suna da shekara ashirin da wani abu. Akwai kuma wani baƙin tabo da kan fito a tafin ƙafa ko ƙarƙashin farce, mutum ya yi ta zaton ƙaya ya taka.

Yawancin waɗannan aiki ake fara yi musu, a yanke wurin. Gashi yakan biyo baya in likita yana tsoron an bar saura, ko in ciwon ya zauna inda wuƙa ba za ta yi daɗin shiga ba, kamar gefen ido ko hanci.

To, shi kansa sunan ne ya fara ba mu tsoro. Mu mata in aka ce gashi, abin da ke faɗo mana a rai gashin jego ne, ko tsire a bakin wuta. Ɗakin nan babu wuta a cikinsa. Wani haske ne mai ƙarfi, ɗan uwan wanda ake ɗaukar hoton ƙirji da shi. Ido ba ya ganinsa, jiki ba ya jin shigarsa. Za ki kwanta shiru na 'yan mintoci, na'ura ta yi ƙararta, a ce ki tashi. Wani Bajamushe mai suna Rontgen ne ya gano irin wannan haske a 1895, kuma zuwa 1899 likitoci a ƙasar Suwidin sun warkar da dajin fata da shi. Kun ga ke nan tun kafin Turawa su shigo Katsina a 1903 ake wannan magani. Wadda ta ce muku gwaji ake yi a kan talaka, ku faɗa mata haka.

Yadda yake aiki shi ne, hasken yana lalata ƙwayoyin ciwon ta yadda ba za su iya ci gaba da hayayyafa ba. Yana taɓa lafiyayyar fatar da ke kewaye ma, amma ita tana iya gyara kanta tsakanin yau da gobe, ƙwayar daji kuwa ba ta iya wannan gyara sosai. Shi ya sa ake rarraba shi kaɗan-kaɗan, yawanci Litinin zuwa Juma'a, a huta Asabar da Lahadi, wata ta yi mako biyu, wata har shida, gwargwadon girman ciwon da inda yake. Lissafi ne irin na zubin adashi: an san jimla tun ranar farko, an raba ta bisa kwanaki. Wadda ta yi rabi ta tsaya, fatarta ta sha wahala, ciwon da aka raunana kuma ya sami sararin farfaɗowa. Wurin da aka taɓa gasawa ba kasafai ake iya sake yi masa cikakken gashi ba, don fata ba ta manta abin da ta sha. Wannan shi ne abin da ya sa muka taso da maganar.

Yanzu bari mu bi makonnin ɗaya bayan ɗaya, don abin da aka sani yana tafe ba ya razana mutum kamar wanda ya faɗo bagatatan.

Makon farko kusan ba a ganin komai. Har wata kan ce anya ma suna yin wani abu kuwa? Daga mako na biyu zuwa na uku wurin zai fara sauya launi. Mai baƙar fata nata ya ƙara duhu, ya yi sheƙi, zabiya kuwa nata ya yi ja kamar wadda ta wuni a rana. Sai ƙaiƙayi, sai bushewa, sai fata ta fara saɓa. Tunda a wannan ciwo fatar ce kanta ake nufi da hasken, sau da yawa abin yakan wuce nan: wurin ya saɓule, ya riƙa fitar da ruwa, ya yi ɓawo, wani lokaci da ɗan jini. Ɓawon zai iya faɗuwa wani ya sake fitowa, har sau biyu ko uku.

A nan muke so ku buɗe kunne, har ku mazajenmu da ke can baya. Ranar da aka yi gashin ƙarshe, wahalar fata ba ta kai ƙarshe ba. Hasken yana ci gaba da aiki a jiki, kuma wurin yakan fi muni mako ɗaya zuwa biyu bayan an sallame ta. Wato daidai lokacin da ta dawo gida, 'yan dubiya sun cika ɗaki, kowa yana sa ran ganin sauƙi, lokacin ne mikin ya fi ban tsoro. Sai ka ji ana raɗa, an ƙone ta, an kashe kuɗi a banza. Daga nan ne yake juyawa, sabuwar fata ta fara tasowa daga gefe, cikin mako huɗu zuwa shida yawanci ya rufe. Na ƙwauri yakan fi haka daɗewa, don jini ba ya yawo sosai a wurin.

Mun ga gida biyu da wannan ya faru. A ɗaya, da fata ta saɓule a mako na huɗu, dangi suka yi taro suka ɗauke ta, aka koma kan jiƙe-jiƙe da shafe-shafe. Bayan wasu watanni aka mayar da ita asibiti, ciwon ya fi da girma, abin da likita zai iya yi kuma ya ragu. A ɗaya gidan, ƙanwar da ke zaman jinya ta riƙe abin da nas ta faɗa mata tun ranar farko. Duk sanda maigidan ya yi waya hankalinsa a tashe, sai ta ce, “Malam, ai sun faɗa mana haka zai yi, saura kwana tara, a yi haƙuri.” Ta gama. Yau tana nan tana kiwon awakinta, tabo ne kawai a wurin.

Sai kula da wurin. A wanke shi kullum, kada a ce don yana ciwo ruwa ba zai taɓa shi ba. Ruwa mai ɗan ɗumi, wanda za ki yi wa jariri wanka da shi, da sabulu mara ƙamshi, da tafin hannu. Ban da soso, ban da dutsen goge kaushi, ban da sabulun salo don yana da kaifi. In an gama a ɗora tsaftataccen ƙyalle mai laushi a tsane ruwan, kada a goga. Za ku ga sun yi zane da alƙalami a fatar, ko sun ɗiga wasu 'yan ɗigo. Da su suke saita na'ura kullum, kada a kankare. In ya fara gogewa a faɗa musu, kada wata mai taimako ta ɗauko biro ta ƙara da kanta.

Man shafawa, wanda suka ce shi za a shafa. In man kaɗanya ne kike da shi, ki kai musu su gani kafin ki fara. Da zarar fata ta buɗe tana ruwa, an daina shafa mai a wannan gurbi, sai abin da nas ta ɗora. Kada a manna filasta a kan fatar da ake gasawa, don in an zo cirewa da fatar zai taho. Kada a ɓamɓare ɓawo, shi zai faɗi da kansa. In ƙaiƙayi ya dame ta, a yanke mata farce, ta danna wurin a hankali da tafin hannu ta bisa ƙyalle, a kuma faɗa wa likita, akwai abin da suke bayarwa.

Inda aikin mai zaman jinya ya fi wuya shi ne 'yan dubiya. Kun san mu, a ɗakin mara lafiya kowa likita ce. Wannan ta zo da toka, waccan da garin bagaruwa, wata ta ce a ɓare kafso a barbaɗa, wata man shanu, wata man zafi, wata man goge baki wai tunda ƙuna ce. Duk da kyakkyawar niyya suka zo, kuma duk suna iya jawo wa mikin ruɓa ko su ƙara masa ƙuna. Ba sai an yi faɗa da kowa ba. A karɓa da hannu biyu a ce, “Inna, Allah Ya saka da alheri, bari mu nuna wa likita tukuna,” a ajiye a bayan gado. Addu'a a yi ta ba dare ba rana, ita ce makaminmu. Amma tofi da rubutu kada su sauka a kan buɗaɗɗen miki. Wanzami ma, da ƙahonsa da tsagarsa da sakiyarsa, ya yi nesa da wurin, yanzu da ma bayan an warke.

Haka kayan kwalliyarmu. Turare, hoda, lalle, kwalli in kusa da ido ne, duk a ɗaga musu ƙafa a wannan wuri har sai likita ya ce an koma. Man bilicin kuwa, wannan ko mai lafiya ba mu so mata shi, balle wadda fatarta ke neman hanyar warkewa, domin yana sirantar da fata, wasu ma har da sinadarai masu guba a ciki. Za a ga wurin ya yi baƙi ya bambanta da sauran jiki, zuciya ta ce a ɗan shafa ya daidaita. A bar shi, duhun yakan ragu da kansa a hankali.

Zafi da rana abokan gāba ne a wannan lokaci. Mu kuwa sana'o'inmu kusan duk a bakin wuta suke: suyar ƙuli-ƙuli, awara, ƙosai, dahuwar daddawa. Wadda ake yi wa gashi a fuska ko wuya ko hannu ba ta da wurin zama a gaban murhu, ko da na tuwon gidanta ne. Kada kuma a gasa mata wurin da tsumma da ruwan zafi yadda muka saba yi wa targaɗe, kada a ɗora ƙanƙara. Sutura ta zama ta auduga, sakakkiya, mai shan iska. Hijabin roba mai matse haɓa da kunne yana gurzar wurin, ga gumi. A ɗinka mata mai faɗin wuya, ko ta yafa mayafin auduga. Masu keken ɗinki a cikinmu, wannan naku ne. Da hunturu a kare wurin daga ƙura, da bazara a kare shi daga rana da gumi.

Sauran wahalhalun sun danganta ga inda hasken ya bi. Gashi dai yana cin gashi, amma a gurbin da aka gasa kaɗai. In a ka ne, sumar wannan gurbi za ta zube, kuma sau da yawa ba ta dawowa. Gara a faɗa mata tun farko. Wadda ake gasa wa ƙafa kuwa kitsonta na nan daram. In kusa da ido ne, sukan sa wani ɗan faifai su kare idon, duk da haka zai iya yin ja yana hawaye. In hanci ne, cikinsa yakan bushe ya yi ɓawo, da ɗan haɓo.

Na leɓe da kunci da wuya ya fi ba da wahala, don yana taɓa ci da sha. Baki yakan yi ciwo, yawu ya ƙafe ko ya yi kauri, abinci ya daina ɗanɗano, haɗiya ta yi zafi. A riƙa kuskure baki sau da yawa a rana da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, kamar rabin ƙaramin cokali a kofi guda. Yaji, tsami, goro, taba, abinci mai tururi, duk a dakata. A koma kan abu mai laushi da gina jiki: kunun gyaɗa, fura da nono a dama ta da ruwa-ruwa, faten wake da ya nuna luguf, dafaffen ƙwai, romon kifi, miyar kuka ko kuɓewa mai santsi da ba ta sha barkono ba. Kaɗan-kaɗan, sau biyar ko shida a rana, ya fi a ajiye mata malmala guda ta yi ta kallo. In akwai ruɓaɓɓen haƙori a faɗa wa likita kafin a fara, don cire haƙori bayan an gasa muƙamuƙi yana da hatsari.

Akwai kuma gajiya, wadda ba a ganinta da ido, shi ya sa ba a tausaya mata. Tana taruwa ne a hankali, ta fi nauyi a ƙarshe, kuma takan bi mutum makonni ko watanni bayan an gama. Barci ba ya kore ta gaba ɗaya. Mace za ta dawo gida a ga tana tafiya da ƙafarta, sai a miƙa mata taɓarya da guga, in ta kasa a ce son jiki. Uwayen miji da abokan zama, don Allah a duba wannan. Ba kuma ana nufin ta kwanta ta miƙe ba. Ɗan zagaye a tsakar gida da safe ko bayan la'asar yana rage gajiyar. In ta yi yawa, tana haki tana ganin jiri, a duba jininta, wataƙila ya yi ƙasa.

Ga alamomin da ba a jiran ranar komawa asibiti a kansu. Zazzaɓi ko rawar sanyi. Mugunya, ko wari da ya sauya. Kumburi da zafi da ke bazuwa suna wuce iyakar wurin. Jinin da aka danne da tsaftataccen ƙyalle minti goma bai tsaya ba. Kasa haɗiye ko da ruwa. Ciwon da ya hana barci duk da an sha abin da suka rubuta. In ɗaya daga ciki ya bayyana, a yi waya ko a tafi asibiti mafi kusa da takardunta a hannu. Mai ciwon suga a ninka mata sa ido, don nata mikin ya fi saurin ruɓa.

Wata tambaya da ake jin nauyin yi a gaban likita, sai a same mu a gefe: shin wadda aka gasa tana ɗauke da hasken a jikinta? Irin gashin nan da ake yi da na'ura daga waje, da an kashe na'ura shi ke nan, ba abin da ya rage a jiki. Za ta iya goya jikanta, a ci a kwano ɗaya da ita, mijinta ya shiga ɗakinta. Shi kansa ciwon daji ba a ɗaukarsa. Mun ga wadda aka ware wa kofi da tabarma, kuma ta faɗa mana wannan ya fi mikin yi mata zafi. Abu ɗaya da ba a wasa da shi shi ne juna biyu. Mai ciki, ko wadda take zaton tana da shi, ta faɗa kafin a fara, kuma a kiyaye ɗaukar ciki har a gama, don hasken yana iya cutar da abin da ke cikin. Mai shayarwa ita ma ta faɗa, musamman in za a haɗa mata da allurar daji.

Maganar ibada, malamanmu ga su zaune, sun fi mu sani. Addini ya yi rangwame ga mara lafiya: akwai shafa a kan bandeji, akwai taimama, akwai sauƙi a sujada ga wadda goshinta ke ciwo, akwai ramuwar azumi. Wadda abin ya shafa ta aika a tambayar mata, kada ta yi ta kwance ɗauri sau biyar a rana don alwala tana fama mikin.

Sai tafiya. Shekara da shekaru wanda aka rubuta wa gashi daga nan sai ya nufi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, ko na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko Asibitin Ƙasa a Abuja. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta buɗe cibiyar kula da masu ciwon daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Inda za a tura mutum, likitansa ne zai faɗa. Amma ko Katsina ce, zuwa da dawowa kullum har mako biyar ko shida daga Batsari, ko daga Safana a biyo ta Dutsin-Ma, abu ne mai cin kuɗi da cin jiki. Halin hanyoyinmu kuma kun san shi, ba sai mun faɗa ba. Rana ɗaya aka ce hanya ba ta biyuwa, an rasa gashin ranar. Abin da ya fi shi ne a sami masauki kusa da asibiti tun kafin a fara. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na'ura kuma na'ura ce, takan tsaya. In haka ta faru kada a yi fushi a taho gida a yi shiru. A karɓi lambar wayar sashen, a tambayi ranar dawowa, su suka san yadda za su cike kwanakin da aka rasa. Kati da sakamakon gwaji da lambobin waya a haɗa su a leda guda, a rubuce a takarda. Ba mu manta 2021 ba, da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumominmu wata da watanni.

Bayan an warke, fatar wurin ba ta komawa kamar da. Takan yi fari-fari ko duhu, ta yi siriri, ta rage gumi, in ta ji rauni ta daɗe ba ta rufe ba. Rana kuma ba ta sake zama abokiyarta har abada. A ci gaba da rufe wurin, a ci gaba da shafa mai, a kuma riƙa komawa ranakun da aka ba ta ko da tana jin garau. Iyayen zabaya, ku wannan aikin tun daga goyo yake farawa: malafa mai faɗi, riga mai dogon hannu, man kariya daga rana in an samu, a ɗauke musu talla da aikin gona daga hantsi zuwa la'asar. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 13 ga Yuni ta kowace shekara don tunawa da su, mu kuwa da muke gida ɗaya da su sai mu riƙa duba musu kunne da wuya da leɓe duk wata. Ƙurjin da ya yi wata guda bai warke ba, a kai shi asibiti yana ƙarami, lokacin da ɗan aiki kaɗan zai raba shi da su.

Hausawa suka ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ga abin da kwamiti yake kawowa gaban taro. Muna roƙon a ware wani asusu daban, ba cikin jarin sana'a ba, don kuɗin mota da abinci da masaukin duk mambar da aka rubuta wa gashi, ita ko ɗanta ko mijinta. Abin da kowa za ta riƙa sakawa, ku za ku yanke. Muna roƙon wadda ta shiga wannan hali a ɗage mata zubi har ta samu kanta, in kuma kwasarta tana nesa, a nemi mai musanya da ita don Allah. Zaman jinya kada a bar wa mace ɗaya mako shida, ita ma tana da ɗaki da 'ya'ya. A yi karɓa-karɓa, mako-mako, kuma duk mai karɓa a karanta mata wannan takarda kafin ta tafi. Sannan wata guda bayan dawowa, maƙwabtanta na cikin ƙungiya su ɗauke mata daka da ɗiban ruwa da bakin murhu.

Abu na ƙarshe, masauki. Da yawanmu muna da 'ya ko ƙanwa da ke aure a Katsina ko Zariya ko Sakkwato, wasu ma tashin hankalin nan ne ya mayar da su can. Wadda ta san gidan da za a iya sauke mara lafiya da mai jinyarta, bayan ta nemi yardar masu gidan, ta ba da suna. Sakatariya tana bakin ƙofa da littafi, shafi ɗaya na masauki, ɗaya na masu zaman jinya. Maganar asusu kuma Hajiya shugaba ta amince a sa ta a gaba a taron wata mai zuwa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti.